Yaren Mutanen Sama

SHAFI NA 23

Masu turo min saƙo cewa na bar Zulai tsaye da taɓarya a hannu, ku yi haƙuri, wayata ce ta kwana a wurin caji, kuɗin data kuma kun san yadda ya koma. Ke kuma da kika ce in na kashe Abdulƙadir kin daina karantawa, 'yar uwa, ni ba na kashe kowa, abin da na tarar shi nake kawo muku. Sababbin shigowa ku matso kusa, ba za ku ɓata ba.

*

Ruwan da aka tashi da shi ya hana kowa fita noman maimai, shi ya sa zauren gidan Inna Hure, mahaifiyar Abdulƙadir, ya cika tun hantsi. Cikar dai ta mutum uku ce. Akwai Badaru, ɗan baffan Abdulƙadir, mai cajin waya da turin fim a bakin titi, sai Malam Nababa na firamare, sai Mati mai facin keke.

Su ne ragowar majalisar *Rumbun Sama*, littafin zanen nan da Abdulƙadir yake yi da biro a cikin wannan zauren, ya kai Ɗanbatta a buga masa, ya baza a kasuwa ranar Lahadi. Labarin bai ƙare ba mai shi ya bi motar Agadas neman abin rufin asiri, shekarar da taki ya gagari kowa. Ya bar tsohuwa da amarya a gida. Tun daga nan ko tarinsa ba a sake ji ba.

Yau kuma ga fim ɗin littafin a wayar Badaru. Wasu ne a Kano suka yi shi, ba tare da sun yi wa kowa sallama a gidan nan ba.

"Tsayar! Tsayar da shi nan," in ji Malam Nababa. "Wai wannan ne jirgin?"

"Shi ne mana."

"Wannan ai tankar mai ce aka liƙa wa fukafukai. A littafi rumbu ne, Badaru. Rumbun ƙasa da hularsa ta ciyawa, yana tashi da hasken rana. Ma'anar labarin ke nan gaba ɗaya. Gari ya cinye rumbunsa har ƙasa, sai mutum ɗaya ya shiga wanda babu komai a ciki ya tashi sama neman irin geron da ba ya jiran damina. Su kuma sun ba mu tanka. A wannan marrar, wa zai cika ta?"

Mati ya gyara zama. "Ni fa tankar ta burge ni. Ka ga wutar da take fitarwa ta baya?"

"Kai ai ko murhu ne ya yi wuta burge ka yake."

"To laifi ne?"

"Dubi jarumin kuma, Dirƙa. Manomi ne, fartanya a kafaɗa, faso a ƙafa. Yaron nan sai da ya zana fason ɗaya bayan ɗaya, ina zaune nan. Sun cire fartanya sun ba shi bindiga. Sannan waƙa! Mutumin da ya baro garinsu ana cin rama babu ƙuli, shi ne zai isa tauraro ya tsaya rawa a lambu?"

"Malam, in babu waƙa ba mai karɓa," in ji Badaru. "Ni nake turi, na san abin da ake tambaya."

"Shi ya sa kullum nake cewa littafi ya fi. A littafi kai kake sa wa mutum murya. A fim sai su ɗauko wani mai ƙaton ciki su ce shi ne wanda yunwa ta koro."

"Ai ba a ganin fuskarsa, hular ƙarfe ce a kansa tun da ya sauka," in ji Badaru.

"Cikin fa? Shi ma hular ce?"

Mati ya fashe da dariya har da dukan tabarma. Badaru bai yi ba. Ya ƙura wa wayar ido, yana jan hoton gaba da ɗan yatsa.

"Ku bar tanka, ku bar ciki. Ƙarshen nake so ku gani. Kun tuna inda Yaya ya tsaya?"

"Wa zai manta?" in ji Mati. "Dirƙa ya durƙusa gaban Sarauniya Laizu, ya buɗe baki zai yi magana, shafi ya ƙare. Wallahi har gona nake tuna wurin nan. In ce yau me zai ce mata? Iri zai roƙa, ko zama zai yi a can?"

"To su sun ƙarasa."

"Sun ƙarasa da ƙarya," in ji Nababa.

"Ni dai tun jiya da na kalla jikina yake ba ni wani abu. Duk fim ɗin shirme ne, na yarda. Amma wurin nan ba irin nasu ba ne. Babu kiɗa, babu komai. Ku saurara."

Bango ɗaya ne tsakanin zauren da inda Zulai, matar Abdulƙadir, take surfen 'yar dawar da Baffanta Lawan ya aiko. Ba ta sauraren su. Hankalinta yana kan Baffan ne, don ya ce da ruwa ya ɗauke zai zo, kuma wannan karon ba lallashi zai kawo shi ba. Shekarun da shari'a ta ɗiba wa matar wanda ya ɓace sun cika, yana so ya kai ta gaban alƙali a raba auren. Ita kuwa amsarta ba ta taɓa canzawa ba. Ba ta ga gawa ba, ba ta ga takarda ba, tana nan ɗakinta.

A ɗakin da ke bayanta Inna Hure ce kwance. Tun kakar bara ta zube, abinci sai an yi da gaske, magana sai da dalili. Kowa ya san ciwon, ɗa ɗaya ne gare ta a duniya.

Zulai ta ɗaga taɓarya ke nan muryar ta keto bango. Murya ce da inji ya murɗe, mai kauri, kamar daga cikin rijiya.

"Laizu... na'i yera."

Taɓaryar ta kuɓuce ta daki bakin turmi. Dawa ta watse a ƙasa mai laima, kaji suka yo kanta, ko kallonsu ba ta yi ba.

Bari in gaya muku abin da waɗannan maza uku suka kasa ganewa duk shekarun nan, da iliminsu da gardamarsu. Yaren mutanen sama da ke cikin littafin ba yaren kowa ba ne, zaurance ne. Wasan 'yan mata na juya kalma, a fara da gindinta a ƙare da kanta. Maza ba sa tsayawa koyon irin wannan, raini ne ya hana su. Shi Abdulƙadir a wurin zance ya koya, don kunya ta yi masa yawa, in ya zo sai ya yi ta zane a ƙasa da tsinke. Zulai ce ta ce to tunda Hausa ta gagare ka, zo in koya maka wata.

Da aka yi aure abin ya zame musu mafita. Ita ba ta faɗar sunan miji, shi ba ya iya kiran nata a gaban Inna. Amma sunan da aka juya ai ba suna ba ne. Sai Ƙadir ya koma Dirƙa, Zulai ta koma Laizu. Da ya zuba su a littafi, Ɗanbatta kaf ana karanta sunayensu ba a sani ba, ita kuma in ta ji samari suna musu a kan Sarauniya Laizu sai ta cusa mayafi a baki.

Ba ta san lokacin da ta isa ƙofar zauren ba. Rabon da ta leƙa shi da maza a ciki tun mai shi yana nan.

"Badaru."

Duk suka juyo. Mati ya janye ƙafafunsa da sauri.

"Matar Yaya, lafiya? Jikin Inna ne?"

"Mayar da shi baya."

"Fim ɗin?"

"Mayar, don Allah."

Ya mayar. Ga mutum durƙushe cikin hular ƙarfe, ga mace a kan karaga an shafe ta da hoda mai ƙyalli. Kafin maganar ta fito sai da aka ji ya ja numfashi ta hanci, gajere, sau biyu. Haka yake yi in zai faɗi abin da ya yi masa nauyi. Haka ya yi ranar da ya ce mata zai tafi.

"Laizu... na'i yera."

"Tsaya," ta ce. Ta dafa bango. "Shi ne."

"Wa?"

"Muryarsa ce. Wallahi muryarsa ce. Ko a cikin ganga aka sa shi na san ta."

Nababa ya yi gyaran murya. "Zulaihatu, ki yi haƙuri. Inji ne. Mu ma muna kewarsa, amma 'yan fim suna da na'urar da..."

"Malam, me ya ce?"

"Ai ba ya da ma'ana. Yaren da ya ƙirƙira ne suka kwaikwaya."

"Faransanci ne," in ji Mati. "Na ji irinsa a Maraɗi."

"Yau shekara nawa kake faɗar haka, kai da ko gaisuwa ba ka iya ba?" in ji Nababa.

Zulai ta ce, "Malam, kai da kake koya wa yara baƙi da wasali. Raba Laizu biyu. Ka fara da na ƙarshen."

Ya dube ta. Leɓensa ya motsa.

"Lai... zu. Zu... lai." Ya zaro ido. "Zulai?"

"Dirƙa fa?"

Badaru ne ya riga shi. "Ƙa... dir. La'ilaha illallahu! Ƙadir!"

"Na'i yera," in ji Nababa, yana lanƙwasa yatsu. "I... na. Ra... ye. Ina raye. Ina raye! Badaru, yana raye!"

Mati ya miƙe tsaye har kansa ya bugi azara. Badaru ya kifa fuska a gwiwa yana kuka kamar ƙaramin yaro. Malam Nababa, mutumin da bai taɓa yarda an kayar da shi a musu ba, sai cewa yake, "Zaurance! Mu da muka ce yaren Buzaye ne, muka ce na Indiya ne. Ashe wasan ƙannenmu mata ne!"

Zulai dariya take, hawaye na zuba. Ni kaina da nake rubutawa sai da na ajiye wayar na share ido. Da ma a ce a nan abin ya tsaya.

"Akwai saura," in ji Mati. "Ai bai gama ba. Saki mu ji, wataƙila ya faɗi inda yake."

"Nan ne ma suka ɓata min rai jiya," in ji Badaru yana share hanci. "Har da zancen kisa a ciki. Na ce Dirƙan da ko kaza bai yanka ba a littafi."

Ya danna. Mai hular ƙarfe ya sake jan numfashi.

"Ki feya nimi."

"Ki... yafe... mini," Nababa ya fassara da zumuɗinsa. "Allah sarki. An yafe maka, ɗan uwa, dawo kawai!"

"Na kesa ki."

"Na... ke-sa, sa-ke. Na sake..."

Ya tsaya.

"Kisa yaɗa."

Hoton ya yi baƙi, sunayen 'yan fim suka fara hawa. Ba wanda ya fassara wannan. Ba a buƙata. Bakin Zulai ne ya juya kalmomin da kansa, babu sauti, tun kafin zuciyarta ta ba shi izini.

Saki ɗaya.

Murna ta koma ciki. Mati ya zauna a hankali, yana kallon ƙasa.

"Mene ne?" in ji Badaru. Shi kaɗai bai kamo ba. "Malam, mene ne kisan? Wa za a kashe?"

Ya juya kalmar a bakinsa sau ɗaya, sai wayar ta zame daga hannunsa ta faɗa kan tabarma.

"A'a. A'a, wallahi. Yaya ba zai yi haka ba."

Zulai ba ta yi kuka ba. Hawayen da ya zubo na murna ma bushewa ya yi. Tana tsaye, hannunta da farin surfe, tana kallon wayar.

"A littafin," ta ce a hankali, "ya auri sarauniyar ne?"

"Bai aure ta ba," in ji Nababa. "Ranar ma ya fara ganinta."

"To ka ga ba da ita yake ba."

Nababa ya cire hularsa, ya juya ta, ya mayar. Ya dubi Mati, ya dubi Badaru.

"Zulaihatu, saurara. Ni dai ban ji komai ba. Ni malamin boko ne, ban san zaurance ba. Mati, wane yare ka ce?"

Mati ya ɗago kai. "Faransanci."

"To Faransanci ne. Ka yi gaskiya tun farko, ni ne mai taurin kai. Mu uku ne a nan, kuma mu uku ba mu ji ba. Ki je ki gaya wa Inna ɗanta yana raye, ki tsaya a nan. Sauran mu nemo shi tukuna, ya faɗa da bakinsa da Hausa in ya isa."

"Malam, Allah fa ya ji."

"Na sani. Amma ba yau ba. Don Allah ba yau ba."

"Salamu alaikum!"

Baffa Lawan ne a bakin zaure, ya naɗe ƙafar wando, yana jingine kekensa da ya sha taɓo. Mazan suka durƙusa suka gaishe shi. Ya amsa sama-sama, ya dubi 'yar ɗan'uwansa tsaye a inda bai saba ganinta ba. Ya wuce ciki ya gaida mara lafiya, ita kuma ta bi shi ta shimfiɗa masa tabarma a bakin ƙofar Inna.

"Hure, ya jikin?"

"Da sauƙi, Lawan."

"Allah ya ƙara afuwa." Ya numfasa. "Zulai, zauna. A gabanta nake so mu yi, kar a ce na zagaya."

Ta zauna.

"Ba ƙin ki nake ba, kin sani. Tun da mahaifinki ya rasu ban taɓa bambanta ki da nawa ba. Amma dawar da kike surfawa ita ce ƙarshen abin da zan iya. Rumbuna na share shi shekaranjiya, har ƙasa na kankaro. Gero bai fitar da kai ba. Gida biyu ya fi ƙarfina."

"Baffa, ina yin ƙuli, ina..."

"Gyaɗar wa? Bar wannan. Na yi magana da Liman. Ya ce abin da ya fi shi ne a yi wa yaron nan sallar jana'iza, a yi masa sadaka, a fitar da shi daga rai. Ita ma baiwar Allah nan ta samu ta huta, jiran ne yake cin ta. Gobe bayan azahar za a yi. Jibi mu je wurin alƙali."

Zulai ta dubi Inna. Idon tsohuwar a rufe, amma hawaye na bin gefen fuskarta yana shiga kunne. Sau biyu ana kawo zancen sallar nan tana hanawa. Yau ko ƙarfin hanawar ba ta da shi.

"Ba za a yi masa salla ba, Baffa. Yana raye."

"Zulai."

"Wallahi yana raye. Inna, kin ji? Yana raye. Yanzu na ji muryarsa."

Inna ta buɗe ido.

"A ina?" in ji Baffa.

"Badaru! Kawo wayar."

Badaru ya shigo yana jan ƙafa, ya tsuguna daga nesa. Ya kunna. Muryar ta cika tsakar gidan, tun daga sunan har ƙarshe. Baffa ya yamutsa fuska.

"Wannan surutun aljanun ne shaidar?"

"Zaurance ne, Baffa. Namu ne ni da shi. Ya ce, Zulai, ina raye. Ya ce ki yafe mini."

"Fim ne fa, 'yar nan. An ce min labarinsa suka ɗauka. In sun ɗauki labari ba za su ɗauki yaren ba? Mata nawa ne a Kano suka iya juya magana? Kowane ɗan wasa in ya sha wuya ai cewa yake ina raye."

"Muryarsa ce."

"Bara wani direba ya ce ya gan shi a Tamanrasat, kika sayar da akuyarki aka bi sawu. Me aka samo? Kunnen mai jira ba abin da ba ya ji." Ya sassauta murya. "Ki ba ni magana ɗaya. Ɗaya tak, wadda ba ta cikin tatsuniyar, wadda ke ya yi wa ba matar fim ba. Wadda ba mai iya faɗa miki sai shi. In akwai, ni da kaina zan je in ce wa Liman ya dakata. In babu, gobe a sallace shi."

Badaru ya ɗago kai. "Matar Yaya," ya ce ƙasa-ƙasa. "Don girman Allah."

Daga zaure aka ji Malam Nababa ya yi tari mai ƙarfi, irin wanda ba na mura ba.

Zulai ta san abin da ke gabanta. In ta yi shiru aurenta yana nan, ko da na kwana biyu ne, amma gobe za a jera sahu a kan mutum mai rai, uwarsa tana ji daga kan gado. In ta faɗa, ta tsinke da bakinta igiyar da ta riƙe duk shekarun nan, ta ƙi zawarawa, ta ƙi gidan Baffa mai tuwo, ta zauna cin rama da tsohuwa. Ta so shi, jama'a. Har yanzu da take zaune a nan tana son shi, kuma haushinsa bai ma samu wurin zama ba tukuna.

Ta dubi Inna. Ƙasusuwan wuyanta duk a waje. Matar da take ce mata 'yar nan, take ɓoye mata ƙanzo a ƙarƙashin faifai.

"Akwai, Baffa."

"Ina ji."

"Na ƙarshen. Kisa yaɗa." Ta dubi Baffa. "Ba kisa ba ne. Saki ne. Ya ce na sake ki, saki ɗaya. Shi na cikin labarin bai auri kowa ba balle ya saka. Ni ce matar."

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un," in ji Baffa.

Sai a lokacin kukan ya zo mata. Ta rarrafa ta kama hannun Inna ta ɗora a fuskarta.

"Inna, kin ji ko? Matacce ba ya saki. Yana nan. Ɗanki yana nan. Ki tashi ki ci abinci, don Allah ki tashi. Ni ba komai, wallahi ba komai."

Ta jira tsohuwar ta yi salati, ko ta yunƙura, ko ta tambayi ina yake. Inna Hure ba ta yi ko ɗaya ba. Ta dai sauke wata doguwar ajiyar zuciya.

"Alhamdulillahi," ta ce. "Ya cika."

Zulai ta ɗago.

"Ya cika me, Inna?"

"Alkawari. Ni na sa shi."

Hannun ya zame daga na Zulai.

"Ban gane ba."

"Kakar bara da na ce za ni asibiti Kano, na hana ki raka ni. Ba asibiti na je ba. Aike ya yo min a ɓoye. Yana Bacirawa, a wani ɗaki bayan masu yin bulo. Ya fi shekara da dawowa."

Badaru ya miƙe zumbur. "Bacirawa? Nan Bacirawa? Inna, ina wucewa ta nan duk sati in na je sayen kaya!"

"Ya sa na dafa Alƙur'ani ba zan faɗa ba. Shi ne ciwon da kuke gani, ba jira ba ne. Kullum in dube ki kina share ɗakinsa, kina shanya rigunansa kar su yi fumfuna, ni kuma na sani, bakina a ɗaure." Ta goge hawaye. "Na ce masa ko ka dawo ko ka sawwaƙe wa 'yar mutane, ba zan mutu da hakkinta ba. Ya ce ba zai dawo ba. Ya ce ya sayar wa 'yan fim labarin don ya ci abinci, za su sa muryarsa a ciki, a nan zai faɗa. Wai da yaren da ya fara ce miki yana son ki, da shi kaɗai zai iya."

"Kina kallo na sayar da akuya," in ji Zulai. Ba da faɗa ta faɗa ba, da ma faɗan ta yi da ya fi sauƙin ji.

"Wannan kafin in sani ne."

"Kina kallo ina tashi tsakar dare ina roƙon Allah ya nuna min ko kabarinsa ne."

Inna ta rufe ido.

"Me na yi masa, Inna? In wata ya samu ai sai ya faɗa. In talauci ne, da me na same shi? Motar Kano zuwa Ɗanbatta ce ta gagare shi, ko fuskata ce ba ya son gani?"

"Ke ce ba ya so ki gan shi."

"Saboda me?"

Tsohuwar ta juya fuskarta bango.

Baffa Lawan ya buga hannu a cinya. Ransa ya ɓaci sosai, har jijiyar wuyansa ta tashi.

"Wannan wulaƙanci ne, Hure! Yarinya ta yi masa zaman shekaru, sakayyarta ke nan? Ya sake ta a bainar duniya, cikin wasan kwaikwayo, 'yan caji suna tura sakinta daga waya zuwa waya? Mutumin da ya cika kasuwar Ɗanbatta da rubutu da zane! Me ya hana shi ya ɗauki biro ya rubuto layi biyu a takarda kamar kowane ɗa namiji?"

Inna Hure ba ta juyo ba. Daga jikin bangon muryarta ta fito.

"Da wane hannun, Lawan?"